Ranar da Aka Auna Kaka

Mitar mai walda ce ta tayar mini da wannan tsohon zance. Ka san irinta, ta ƙarfe, wadda ake ja ta miƙe, in an sake ta ta koma gidanta da gudu ta ce tsat. Makon jiya na ji ƙarar nan a wata rumfar walda a Ƙwanni, na ga kaina ƙaramar yarinya a ƙauyenmu da ke tsakanin Dogarawa da Tsarnawa, ina riƙe da gefen zanen kakata. Abin da ya kai ni rumfar zan gaya maka daga baya. Bari in fara da wuyan mahaifiyata, don shi ne tushen maganar.

Inna doguwa ce, irin matan nan da sai sun duƙa kafin su shiga ɗaki. Baba yana can kudu wurin nema, yakan daɗe bai leƙo gida ba. Ba mu da jaki balle amalanke, saboda haka duk abin da zai shigo gidanmu ta kan Inna yake biyowa: ruwa daga rijiyar fadama, itace daga daji, dammunan hatsi in girbi ya zo, harawar wake, har ƙasar yaɓen rumbu. Gammo ya cinye mata gashin tsakar ka, wurin ya yi sumul kamar bayan ƙwarya. Mu yara wasa muka ɗauki abin, mukan shafa wurin in tana kwance. Sai can na lura cewa in an kira ta ba ta waiwayowa da wuya, da jikinta duka take juyowa. Sannan yatsu biyu na hannunta na hagu suka fara yi mata abin da take kira tafiyar tururuwa. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. Takan yarfe hannun ta ci gaba da daka.

Kaka, uwar Baba, gajeriya ce, tsufa kuma ya ƙara tanƙwara ta. Ban taɓa ganin mai zargi kamarta ba. Ko goro ka ba ta sai ta ɓare ta leƙa cikinsa, ta sansana, sannan ta tambaye ka wa ya ba ka. In baƙo ya cika fara'a, yana fita za ta ce a duba kaji. Tun safe take bin Inna da faɗa, miya ta yi gishiri, tuwo ya yi tauri, amma wata a waje ta kuskura ta taɓa Inna da magana, ranar unguwa ba ta zama lafiya. Ni a lokacin ban gane irin wannan ƙauna ba, haushinta kawai nake ji.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da wurinmu, in ba haka ba za ka ɗauki Kaka mahaukaciya. In mutum ya cika, akan samo karan dawa mai tsawo a shimfiɗa a gefensa daga ka zuwa diddige, a karya daidai tsawonsa, a gwada faɗin kafaɗa, sannan a miƙa wa masu gina kushewa. Wannan ne kaɗai awon da mutanen da suka san ana yi wa jikin ɗan Adam da abu miƙaƙƙe. Kaka ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. 'Ya mace guda Allah ya ba ta, goggona, ta rasu wurin haihuwa tun ban yi wayo ba, kuma Kaka da hannunta ta karya karan. Tun daga nan ba ta yarda kara ko sanda ta kwanta kusa da mai barci, in ta gani sai ta shure tana salati. Tela bai taɓa aza mata mita ba, tsohuwar riga take aika masa. Liman ya sha gaya mata wannan camfi ne, ajali ba ya bin kara. Takan ce ta ji, malam ya fi ta sani, amma malam bai taɓa karya kara a kan 'yarsa ba.

Wata bazara, kafin saukar ruwa, farar mota ta tsaya a ƙofar mai gari. Mutanen furoje ne, irin masu kawo ayyukan raya karkara, maza biyu da wata madam mai tabarau wadda Hausarta ta nuna ba 'yar yankinmu ba ce. Suka fito da wani abu na siraran ƙarafa, mara nauyi, mai maɗauran kafaɗa da faffaɗar ɗamara. Madam ta goya shi, aka ɗora mata bido, wato jarka, cike da ruwa, ta yi ta kai da kawo a gaban jama'a hannuwanta a sake. Ta ce nauyin a ƙugu yake zama, wuya ya huta. Kafin motar ta bar gari mata sun raɗa masa suna goyon ƙarfe. Sai dai ta ce ba a ba mace sai an auna ta, domin abin kamar takalmi ne, na wata ba ya yi wa wata. Mace ɗaya daga kowane gida, ranar Laraba, a lakwal, wato makarantar boko.

To, daga nan gari ya ɗauka. A bakin rijiya aka ce so suke su cika bayan mata da ƙarfe don a rasa wurin goyo, haihuwa ta ragu. A majalisar maza aka ce me ya sa mata kaɗai, kuma wa ya taɓa ganin baƙo ya ƙona mai tun daga birni don tausayin wuyan matar wani. Wata ta rantse cewa a wani gari da aka yi awon ba a ƙara ganin mai ciki ba, da aka tambaye ta wane gari sai ta ce can dai. Ni kaina har yau, in gaya maka gaskiya, ban san me ya kawo su ba, ban kuma san wa ya amfana da me a can sama ba. Abin da na sani shi ne Inna ta bi madam da kallo tana tafiya da bidon nan wuyanta a miƙe, kallon da ban taɓa ganin ta yi wa zane ko ɗan kunne ba. Tana so. Ba ta faɗa ba, amma kowa a gida ya gani.

Kaka ba ta sa baki a surutun rijiya ba, don ba ta yarda da jita-jita kamar yadda ba ta yarda da masu furoje ba. Ranar Laraba da hantsi ta tafi da kanta ta leƙa ta tagar lakwal. Ta ga dogon katako mai zane-zane jingine da bango. Mace takan tsaya diddigenta a gindinsa, a dafa mata ka, sannan madam ta ja mita daga kafaɗa zuwa kafaɗa, daga ƙeya zuwa ƙugu. Tsawo da faɗin kafaɗa. Kaka ta dawo gida fuskarta ta sauya, ta iske Inna ta yi wanka ta ɗaura zanenta na fita.

"Kwance zanen ga," in ji Kaka. "Ba ki zuwa. In sun kira gidan ga, ni anka kira."

Kaka surukarta ce, tunda Inna take ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ta ba balle ta ja da ita. Ta zauna a kan turmi ta sunkuyar da kai. Ni kuma na bi Kaka, don ina son in ga baƙi.

Da layi ya zo kanta, madam ta dube ta ta saman tabarau. Ita ma ba ta yarda ba. Ta tambaya ko babu wata mai sauran ƙarfi a gidan, ta sake bayani cewa wadda ke ɗaukar kaya ake aunawa, ba uwar gida ba. Kaka ta waiwaya ta bi matan layi da ido ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta sami abin kallo a ƙasa.

"Ni ta," in ji Kaka. "Tun ba a haihe ki ba nika ɗauka. Gwada ni."

Ta tsaya a gindin katakon, ta dafa kaina don kada ta faɗi. Ta runtse ido, leɓɓanta na motsi, na kasa kunne na ji kalmar shahada take yi. Madam ta ja mita ta sake, ta ce tsat. Kaka ta zabura kamar an tsikare ta da allura, matan layi suka ƙunshe dariya. Ni ma na yi dariyar, ban san me nake gani ba.

Gab da girbi motar ta dawo da kayan. Na gidanmu shi ne ƙarami duk garin. Kaka ta kawo shi ta jefa a gaban Inna, ta ce ga abin da take ta haɗiyar miyau a kai. A ganinta ta yi dabara, awo ya faɗa kanta, kaya kuma ya zo wa mai shi. Inna ta goya. Ɗamarar da ya kamata ta zauna a ƙugu sai ta tsaya mata a haƙarƙari, maɗauran suka shige ƙarƙashin hammata. Duk da haka ta tafi gona da shi, don ta daɗe tana jira. Da la'asar ta dawo kafaɗunta sun saluɓe, numfashi da ƙyar. Ta rataye shi a jikin rumbu ta koma kan gammonta. Kaka ta ce ai dama ta faɗa, kayan baƙo ba ya zuwa haka kawai, matan da suka ƙi awo kuma suka sami abin faɗi a rijiya. Masu furoje an ce sun wuce ƙauyukan Illela, ba mu ƙara ganin farar motar ba.

Sai dai akwai matar maƙwabcinmu, wadda ta tsaya aka auna ta. Nata ya zauna mata cif, tana wucewa ta ƙofarmu da bido a baya, har da saƙar faifai a hannu don neman magana. Kaka ta sa mata ido. Kullum da safe, kafin a yi shara, tana ƙofar matar nan tana tambaya ko an kwana lafiya, ba ciwon kai, ba zazzaɓi, ba mugun mafarki. Baiwar Allah ta zaci tsohuwa ƙaunarta ta fara, har fura take aiko mata. Maimakon ta rame sai ƙiba take yi. Kaka ta ce a dai saurara, abin ba ya gaggawa.

Ita Kaka kuwa ta riga ta sallama nata ran. Ta ba ni ƙaramar tasarta da ba ta bari kowa ya taɓa. Ta bi gidaje tana neman gafara, har gidan matar da suka yi shekaru ba sa magana a kan wata akuya. Ta daina yi wa Inna faɗa, wannan ne ya fi ba mu tsoro. Wata rana da hantsi ta buɗe adakarta ta fito da farin ƙyallen da ta daɗe da tanada don likkafaninta, ta shanya a kan danga. Inna ta dawo daga rijiya da tulu a ka, ta ga farin nan yana kaɗawa, ta tsaya cik.

"Iya, mi ya kawo wanga waje?"

Kaka ta ce iska yake sha. Inna ba ta gusa ba. Shi ne karo na farko da na ga ta dubi Kaka ido cikin ido.

"Katakon nan wani shika biɗa gidan ga," in ji Kaka. "Na ba shi wadda ta ƙare aikinta. Ke kina da ɗiya ƙanana."

Inna ta sauke tulun ta shiga ɗaki, na ji tana kuka. Daga ranar ba ta ƙara duban goyon ƙarfen ba. Wa zai iya gaya wa wadda ta miƙa ranta dominsa cewa abin da ta kawo bai yi daidai ba? Haka suka zauna, kowacce tana tausayin 'yar'uwarta, wuyan Inna kuma yana ƙara cin ta.

A ƙarshen girbi aka yi shela za a saki dabbobi cikin gonaki, mu kuwa muna da sauran dammuna a gona mai nisa. Inna ta shiga ɗora dami biyu a tafiya guda. A kan hanya hannun hagun ya mutu mata gaba ɗaya, ƙafa ta harɗe, ta faɗi kayan suka danne ta. A amalanken maƙwabci aka kai ta gidan likita a Dogarawa. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ce ƙasusuwan wuya ne suka matse jijiya, in ta ƙara aza kaya a ka hannun duka zai iya tafiya har abada. Kaka ta matsa kusa ta tambaye shi ko awo na jawo irin wannan. Ya ce wa aka auna?

Washegari Kaka ta tafi gidan maƙwabciya, ranar ko gaisuwa babu. Ta sa matar ta goya ƙarfenta, ta yi ta zagaya ta, tana tokarar inda ɗamara ta zauna, tana cusa yatsa ƙarƙashin maɗauri, kamar mai taya akuya a kasuwa. Ta dawo ta sauke namu daga jikin rumbu, ta kakkaɓe yanar gizo, ta ce in ɗauko mata majanyi. Majanyin da Inna ta goya mu da shi ne dukanmu, ya koɗe har ba a gane launinsa. Ta sa Inna ta durƙusa ta ba ta baya. Ta dafa majanyin a ƙeyarta ta ƙulla, ta bi ƙashin baya da shi har ƙugu ta sake ƙullawa.

"Da wanga anka goya masu rai," in ji ta. "Shi bai san kushewa ba. Tashi, ɗiyata."

Tunda nake ban taɓa jin ta kira Inna haka ba. Da can yarinyar nan take cewa.

Ranar kasuwar Dogarawa Kaka ta goya ƙarfen a bayanta muka tafi. Shi ne karo na farko da na ƙarshe da ta goya shi, ya kuma zauna mata kamar da shi aka haife ta, abin da ya ƙara ɓata mata rai. Ta shimfiɗa wa mai walda majanyin, ta ce ya ƙara tsawon ƙarfen daga ƙullin nan zuwa ƙullin nan, kuma kada ya aza masa mita a gabanta. Mutumin ya ce to. Sai ta juya masa baya tana kallon awaki, ta daɗe tana kallo, har sai da abin ya ce tsat sannan ta waiwayo. Ta san abin da ya yi, shi ma ya san ta sani.

Gyaran ya yi. Inna ta yi shekaru tana goyon ruwa da itace da shi, wuyanta ya sami sauƙi har ta koma waiwaye. Amma yatsun nan biyu ba su dawo ba. Har yau takan ƙone a murhu ba ta ji ba sai ta ga tabo. Da an auna ta ranar Larabar nan, da girbin bai same ta da gammo ba. Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai, ko da yake Inna ba ta taɓa furta ta ba. Kaka ma ba ta furta ba. Kullum da hantsi dai takan kama hannun ta murza shi da man shanu, tana yi masa faɗa wai ragon hannu ne.

Kaka ta yi tsawon rai har ta ga aurena. Likkafanin ya sha iska har ya fara ja. Maƙwabciya ta haihu, ta sake haihuwa, amma ko sau ɗaya Kaka ba ta ce ta yi kuskure ba. In an tsokane ta takan ce katakon yana sane da ita, hanya ce ta yi masa nisa. Ranar da ta cika, Inna ce ta shiga da karan. Ina tsakar gida na ji ƙarar karyewarsa. Da aka fito da shi na ga gajartarsa, sai a lokacin kuka ya zo mini.

Yanzu duniya ta sauya. A gidan likita jariri ma kwantar da shi ake yi a kan katako a auna, uwar tana danna waya. Ni na yi lakwal, na san awo awo ne, na kuma san abin da ƙin awo ya jawo a gidanmu fiye da kowa. 'Yata ta fari, da muke zaune tare a Ƙwanni, tana tura bido a pus-pus, wato kurar hannu, daga famfo tana kai wa gidaje. Ni tsawon Inna na ɗauko, ita kuwa Kaka ce sak. Hannun pus-pus ɗin don maza aka yi shi, a ƙirji yake tsaya mata, ta fara kukan kafaɗa. Ni da bakina na ce mu je a rage shi daidai ita, abin da ya kai mu rumfar ke nan.

Mai walda ya ja mitarsa ya nufo ta. Ban san lokacin da na shiga tsakaninsu ba. Sai ji na yi bakina ya ce ya gwada ni.

Yarinyar ta kwashe da dariya. "Mama, ke ka turawa ko ni?"

Na tsaya ina duban hannunta na hagu, yatsu biyar duk suna motsi. Na matsa gefe. Na juya musu baya ina kallon motocin siminti da ke fitowa daga Malbaza, na daɗe ina kallo, har abin ya ce tsat.

An rage hannun, kafaɗarta ta huta, ta ce ruwan ma ya rage nauyi. Na yi mata murna har cikin raina. Sai dai tun ranar, kullum da safe kafin a yi shara, ni ce ke fara ƙwanƙwasa mata ƙofa in tambaya ko an kwana lafiya, ba ciwon kai, ba zazzaɓi. Yau ma lafiya ta tashi. Gobe dai zan sake leƙawa.